Kan Inji a Cikin Buhu

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake fitar da bawa daga gidansa, ya kuma dawo da shi idan ya ga dama.

A shekarar da Najeriya ta janye tallafin mai, har kwalbar isansi, wato fetur, ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba a kasuwarmu ta Guci, a ƙasar Damagaram, a shekarar ne muka yi tafiyar Kano ni da Habu. Bayan Babbar Salla ne da 'yan kwanaki, saura makonni kaɗan a rufe iyaka. Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci sai a ce, Malam, yaya Kano? In na zauna a inuwa sai a ce, wai da gaske ana tayar da inji a ƙasa ba mota? Na yi ta bayar da labarin guntu-guntu, kowa ina zaɓa masa wurin dariya. Yanzu na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa, tun da dai wasu sun riga sun ji rabinsa a bakin mutanen Magariya.

Habu maƙwabcina ne, darni ɗaya ya raba mu, kuma rana ɗaya aka yi mana kaciya. Yana da mota a-kori-kura, irin wadda muke kira bashe, fara, mai shan gazuwal, wato man dizal. Da tsufanta ya saye ta, ya kuma yi shekara ashirin da 'yan kai yana ci da ita. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya tsaya tun kafin ta zo hannunsa, don haka ba wanda ya san iyakar ƙasar da ta taka. An sake mata taya ba adadi, ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta, amma injin ba a taɓa buɗe shi ba ko sau ɗaya. Wannan shi ne abin alfaharin Habu a duniya. Da ƙyalle yake tace gazuwal kafin ya zuba. Da safe sai ya bar ta ta ɗumama kafin ta taka. Baƙin mai kuwa ba ya bari ya yi kauri. Da idonsa ya fara rauni sai ya miƙa tuƙi ga ɗansa na fari, Lawali, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya tashi a gaban motar nan tun yana rarrafe.

Bayan Ƙaramar Salla, a tsakiyar bazara, na ɗauki hayarta za ta kai mini wake Bande. Lawali ke tuƙi, ni kaɗai ne a gefensa. Mun yi nisa cikin rairayi sai ya dubi allura ya ce zafi ya hau. Nan take ya tsaya kusa da wata rijiya, ya buɗe gaba, ya ga wata roba ta tsage ruwa ya zube.

Ya ce, "Baba Malam, sai mun bar ta ta huce. Bari in shiga ƙauyen can in nemo abin ɗauri."

Ya tafi ya bar ni. Na zauna ina jin injin yana huci yana ƙas-ƙas, rana kuma tana dukan ƙarfen. Ni manomi ne, duk rayuwata in na ga dabba tana haki a bakin rijiya abu ɗaya na sani. Ga shi kuma ina tsoron kasuwa ta watse ban isa ba. Na roƙi wasu mata guga biyu na ruwa mai sanyi, na naɗe hannuna da rawani na murɗe murfin wurin ruwan injin, na tuttula. Tururi ya taso, sai na ji wata 'yar ƙara daga ciki, kamar an taka busasshen kara. Na mayar da murfin na koma na zauna. Kafin Lawali ya dawo rairayi ya shanye abin da ya zube. Ya ɗaure robar, ya jira, ya cika ruwa a hankali, muka tashi. Mun kai Bande da farin hayaƙi a bayanmu. Daga can ya ce gara mu gangara Magariya wurin makanike, amma ba mu shiga garin da ƙarfin kanmu ba, jan mu aka yi.

Washegari Habu ya iso garejin Isuhu makanike. Isuhu ya zaro sandar mai ya nuna masa, man ya koma kamar kunu. Ya ce kan injin ya fashe, ruwa ya shiga mai, an kuma yi tafiya a haka har ƙasan ya lalace. Habu ya juya ga ɗansa a gaban mutanen gareji.

"Shekara ashirin ban kashe ta ba. Kai ka kashe ta a yini ɗaya."

"Wallahi Baba na tsaya. Ina ganin allura na tsaya."

"Kada ka haɗa mini da rantsuwa. Ba ka gaji komai a wurina ba."

Ina tsaye a wurin, taku uku tsakanina da su. Na buɗe baki, sai na tuna ni ne nake jan mutane salla idan liman ba ya nan, ni ne ake kira rabon gado. Na rufe. Bayan kwana shida Lawali ya bar matarsa da 'ya'yansa a gidan uban, ya hau motar masu zuwa haƙar zinariya a arewa.

To, wannan shi ne abin da na ɗauka na tafi da shi Kano. Da Habu ya sayar da shanunsa biyu na huɗa ya ce zai je neman wani injin, ni na ce zan raka shi. Na ce idonsa ba ya gani sosai, kuma ina da masauki a can. Duk gaskiya ne. Amma a zuciyata cewa nake yi, a hanya zan gaya masa.

Daga Guci 'yan kabu-kabu muka hau zuwa Dungas. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gero ya fara tsayawa, kowa yana gona sai mu. Wanda ya ɗauke ni ya shiga wata laka da gudu, muka kwanta ni da shi da babur. Bai tambaye ni ko na ji ciwo ba, madubinsa ya fara dubawa. Na shiga Dungas da rabin riga ja. Habu bai yi dariya ba. Da can sai ya shekara yana tuna mini.

A Magariya muka fara zuwa gareji. Motar tana nan inda aka tura ta, tayoyin sun sace, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Habu ya kore su ya share kashin da ƙafarsa. Isuhu ya ce lambar injin ta shafe saboda tsufa, don haka sai mu tafi da kan injin, wanda su suke kira kilas, a gwada ramukansa da na wanda za mu saya. Aka sa shi cikin buhun taki aka ɗaure. Ƙarfe ne da bai fi tsawon hannu ba, amma ya fi rabin buhun gero nauyi. Habu ya kama kunne ɗaya, na kama ɗaya. Haka muka yi ta ɗaukarsa har Kano.

A tasha muka canja kuɗi, aka ba mu naira dami guda da ta cika aljihu, Habu ya ce yawa ba auki. Muka shiga taksi mu bakwai ban da direba, buhun a kan ƙafafunmu. Muka wuce Tinkim muka iso iyaka. Ta ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba. Ta can wani jami'i mai fara'a ya leƙo ya taɓa buhun da sandarsa.

"Baba, me ke ciki?"

Habu ya ce, "Gawa ce."

Mutumin ya sa aka kwance. Da ya ga ƙarfe sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya jiƙan rai. Me ya kashe ta?"

"Ɗana."

Jami'in ya daina murmushi, ya ce mu wuce. A Babura muka sauka muka yi azahar, muka sayi fura. Furar can a leda ake ba ka ita da ƙanƙara, ka huda da haƙori ka tsotsa kamar jinjiri. Na nemi ludayi aka yi mini dariya. Na zauna kusa da Habu a bakin masallaci na ce, "Habu." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Furar nan sukari ya yi mata yawa." Abin da ya fito ke nan.

Da la'asar sakaliya muka shiga Kano. Mai masaukinmu Alhaji Mati ne, mutumin Bande, wanda ya daɗe a can yana dillancin wake. Kafin mu kai gidansa sai da muka tsaya a bakin wani titi muna jiran motoci su ƙare mu tsallaka. Ba su ƙare ba. Wata mai sayar da awara ta gaji da kallonmu, ta taso ta ɗaga hannu ɗaya ga motocin, ta kama bakin rigata da ɗayan, ta tsallakar da mu da buhunmu.

Ta ce, "Daga ina?"

Na ce, "Damagaram."

Ta ce, "Ai na gani. Yau kuma me kuka zo kwasa?"

Na ce mun zo duba bayinmu ne mu ga ko suna cin abinci. Ta ce in gaishe da rairayi. Wannan wasan tsakaninmu da Kanawa na same shi a ko'ina, kuma shi ne ya sa garin bai yi mini faɗi da yawa ba.

Alhaji Mati ya ba mu zaure mai tabarma biyu. Abubuwan da na lura da su a kwana ukun da muka yi, ga su. Ruwa saye ake yi a jarka, har na alwala, sai na riƙa jin nauyin zuba shi. Gaisuwarsu gajera ce: kai kana cikin tambayar iyali, shi ya riga ya kai ƙofa. Akwai wani saurayi da na tsaya na gaishe shi tun daga gajiya har damina, yana kallona yana gyaɗa kai, ashe wata waya ce a kunnensa, da wani yake magana. Ciniki kuma da yawa ba a miƙa kuɗi, kowa ya danna wayarsa, a ce ya shiga. Amma in aka kira salla titi cika yake yi, mai shago da mai turin kura kafaɗa ɗaya, wannan kam na yaba. Abinci akwai gurasa da ƙuli, akwai shinkafa da wake, sai dai duk abin da na ci ba ya kai ni azahar. Habu ba ya ci sosai. Da safe yakan kwance buhun ya shafa ƙarfen da tafin hannu, kamar mai neman inda ke ciwo.

Alhaji Mati ya ce kada mu kuskura mu shiga kasuwar ƙarafa mu kaɗai. Ya haɗa mu da wani tsohon makanike, Baba Ɗanjuma, wanda ya bar gyara, aikinsa yanzu raka baƙi duba inji. Gajere ne, ya rasa yatsa ɗaya, yana tafe da doguwar sukundireba a aljihu.

Kasuwar ban taɓa ganin irinta ba. Ƙasar wurin baƙa ce, ta sha mai shekara da shekaru. Injuna jere a rumfuna kamar kawunan shanu a mahauta, an kawo su daga ƙasashen waje ta jirgin ruwa. Muka tsaya wurin wani mai rumfa da ake kira Alhaji Bala. Da jin muna neman na gazuwal sai ya fara jan mu zuwa na fetur, ya ce ya fi sauƙi, ya fi gudu, kayan gyaransa a ko'ina.

Habu ya ce, "Mutanenmu nawa suka cire na gazuwal suka sa irin wannan don manku yana arha? Je ka Magariya ka ga motocinsu a jingine."

Alhaji Bala ya ce, "Badamagare ya yi karatu." Ya kai mu ciki.

Na farko da ya nuna mana yana ƙyalli kamar sabo. Ni har zuciyata ta kwanta da shi. Baba Ɗanjuma ko tsayawa bai yi ba, ya ce wanda aka wanke ba ka ganin inda yake zubarwa. Ya tsaya a kan wani mai ƙura da datti. Habu ya tambayi nisan da ya yi.

Alhaji Bala ya ce, "Kaɗan ne. Wata tsohuwa ce a Turai take zuwa cefane da shi."

Baba Ɗanjuma ya ce, "Duk injin kasuwar nan na tsohuwar nan ne. Allah ya ba ta lafiya, ta sha cefane." Sannan ya juya ga Habu. "Ba wanda ya san nisansa, ko shi mai sayarwa. Inji ba shekaru ke kashe shi ba, hannu ne. Kai ka san hannun da ya riƙe naka. Wannan sai dai mu saurara mu yi addu'a."

Yadda ake gwadawa kuwa, tun da shi kuka fi tambaya: ɗora shi ake yi a kan tsohuwar taya a ƙasa, a kawo batir, a tsoma tiyo cikin gorar gazuwal, mutum biyu su danne shi. Ba ruwa a jikinsa, saboda haka ba a barinsa ya daɗe. Da aka haɗa waya ya yi tari sau biyu ya kama, ƙasa tana rawa. Baba Ɗanjuma ya dubi hayaƙin, ya buɗe murfin mai ya ɗora tafinsa ya ji ko yana hurowa, ya kafa sukundirebar a jikin ƙarfen ya manna kunnensa a ƙotar. Ya ɗaga hannu aka kashe. Ya ce, "Ba yaro ba ne, amma da sauransa."

Saura gwada ramuka. Muka kwance buhu. Baba Ɗanjuma ya durƙusa ya auna, ya ce za su hau. Har zai miƙe sai ya tsaya yana kallon tsagar. Ya nemi miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗora a fuskar kan injin, ya duba ta ƙasa ko haske zai wuce.

"Wa ya ce maka tuƙa shi aka yi da zafi?"

Habu ya ce, "Ai a fili yake."

"A'a. Wanda aka tuƙa da zafi banƙarewa yake yi. Dubi wannan, miƙe yake sak. Tsagewa ya yi, irin ta tukunyar da aka sauke daga wuta aka zuba mata ruwa. An tsaya, an kashe shi, sannan wani ya ɗura masa ruwan sanyi yana tafasa."

Na jira Habu ya waiwayo, don ya san mu biyu ne a motar. Bai waiwayo ba. Ko a ransa bai kawo ni ba. Ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya ce a hankali, "Abu na farko da na koya masa ke nan, kada a zuba wa inji ruwa da zafinsa. Tun bai kai sitiyari ba. Ashe ya san abin da ya yi, ya dube ni ya rantse."

Baba Ɗanjuma ya ce, "Yaro ne, a yi haƙuri."

"Ba yaro ba ne. Da ganganci kaɗai ne da na haƙura. Ni da shi kuma sai a lahira."

Aka yi ciniki, aka rubuta takarda, Alhaji Bala ya ce in bai yi ba a dawo da shi cikin wata guda. Tsohon kan injin ya ce a bar masa a kilo. Habu ya ƙi, ya mayar da shi buhu. Na kama kunnena ɗaya.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Motar kaya muka samu, aka ɗaure injin a baya tsakanin buhunan siminti, mu kuma muna zaune a kai. Bayan Ɗambatta hadari ya taso. Habu ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe injin, ya zauna ruwa yana dukansa. Na ba shi tawa ya ƙi. A iyaka muka yi rabin yini wurin duwan, wato 'yan kwastan, ana neman sunan da za a rubuta a takarda, sabo ne ko tsoho. Sau uku a hanyar nan na shirya maganar, har na zaɓi kalmar farko. Kowane lokaci sai in ce bari mu wuce garin gaba.

Kwana huɗu aka yi a garejin Isuhu. Ramukan da suka hau a Kano sun hau, amma ƙafafun da injin ke zama a kai ba su zo daidai ba, sai da aka kira mai walda ya yanke ya ƙara. Bututun hayaƙi ya karkace gefe, aka lanƙwasa. Wata waya ta rage ba a san inda take zuwa ba, Isuhu ya naɗe ta ya ce idan ta yi magana za mu ji. Mutanen gareji suka saba da mu, mai shayi ya san yadda kowa ke sha. Su ne dai mutanen da suke tsaye ranar da aka yi wa Lawali faɗa.

Rana ta huɗu da hantsi Isuhu ya murɗa makulli. Ta kama. Muryar ba irin ta da ba ce, ta fi kaifi, Habu ma ya karkata kai yana saurare kamar wanda aka kawo masa baƙo. Amma ta kama. Isuhu ya tambaya wa zai riƙa tuƙi. Habu ya ce zai nemi sofer ko daga ina ne. Sannan ya aika aka sayo dabino da goro na sadaka, ya ce, "Malam, yi mana addu'a."

Kowa ya taso aka kewaye motar, mai walda, mai shayi, masu jiran gyara. Aka ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Addu'ar da na yi wa motoci da amalanke da rijiyoyi ba adadi, na neme ta a bakina na rasa. Suna jira tafukansu a buɗe. Na sauke hannu.

Na ce, "Habu, ni ne na zuba ruwan."

Bai fahimta ba. Sai na faɗa daga farko: rijiyar, guga biyun, rawanin, ƙarar da na ji. Na ce Lawali ya tsaya kamar yadda ya rantse, yana ƙauye neman abin ɗauri, bai gani ba, har yau bai sani ba. Na ce a wurin nan aka ci masa fuska ina tsaye, shi ya sa nake faɗa a wurin nan.

Injin yana ta aiki. Isuhu ya miƙa hannu ya kashe.

Habu ya ce, "Tun bazara."

Na ce, "Tun bazara."

"Ka riƙe mini kunnen buhu har Kano."

Ya ɗauki ledar dabinon ya miƙa wa mai shayi ya ce ya raba. Ya shiga motar da kansa, da idon nan nasa, ya ja ta ya fita. A kabu-kabu na koma Guci washegari.

Kwana tara ba mu yi magana ba. Ina jin motar tana ɗumama kowace safiya ta bayan darni. A cikin kwanakin ne aka rufe iyaka, a cikinsu ne kuma aka gane sabon injin yana shan baƙin mai, ga hanyar mayar da shi ta toshe. Na aika masa da ƙanena cewa ga bijimina, ga gonata ta fadama, ya zaɓa. Ya ce a gaya mini ba shanu yake bi na ba.

Rana ta goma bayan la'asar ya yi sallama a ƙofata. Bai zauna ba. Waya ce a hannunsa, ya samo lambar wani ɗan garinmu da ke ramin zinariya ɗaya da Lawali. Ya miƙo mini.

"Gaya masa da bakinka."

Sai da aka kira sau huɗu kafin ta shiga, aka je aka nemo Lawali. Muryarsa ta dushe, iska tana kaɗawa a bayansa.

"Baba Malam? Lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce ba wanda ya rasu. Na gaya masa kamar yadda na gaya wa ubansa, ban rage ba.

Sannan ya ce, "Ni duk watannin nan ina cewa ko ban ga allurar da wuri ba ne. Kullum sai na sake tuƙa hanyar nan a kaina."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah ya yafe mana, Baba Malam." Sannan ya tambaya, "An sa mata wani injin?"

Habu ya karɓe wayar daga hannuna. Ban ji ya ba shi haƙuri ba. Cewa ya yi na gazuwal ne, ba a wanke shi ba, yana kamawa bugu ɗaya, sai dai yana shan mai, kuma akwai wata ƙara da yake yi in an hau tudu wadda shi kunnensa bai gane ta ba, tana son wanda ya fi shi ji. Ban san abin da Lawali ya amsa ba. Suna cikin maganar ƙarar kuɗin wayar ya ƙare.

Har ranar da nake rubuta wannan Lawali bai dawo ba. Ya ce sai ya haɗa abin da ya kai shi. Habu bai ɗauki sofer ba, kasuwannin kusa kaɗai yake zuwa, da rana, a hankali, da galan na baƙin mai a bayan kujera.

Amma a ranar, da wayar ta mutu, ya tsaya yana kallonta a tafinsa. Na ce, "Habu, bijimin yana nan."

Ya sa wayar a aljihu. "Riƙe abinka, Malam. Abin da nake bin ka ka biya yanzu." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin zaure. "Gobe kasuwar Dungas. In za ka, ka fito da wuri. Amma a baya za ka zauna."